Koyar da saka robar fitsari a kan mutum-mutumi: amsa ga ƙanena

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri da jinkiri, satin nan ni ke kwana a asibiti, sai yau na samu na zauna. Na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce an ɗora maka koyar da ɗaliban likitanci 'yan aji biyar da sababbin likitoci masu aikin shekara ɗaya yadda ake saka wa namiji robar fitsari, an ba ka mutum-mutumin roba guda ɗaya tal, irin wanda ya tsaya daga cibiya zuwa cinya, sannan wani babba a wajenku ya ce maka wasan yara ne, su a jikin mara lafiya suka koya kuma ga su nan. Kana so ka san ko abin yana da amfani da gaske, in yana da shi kuma ta ina za ka kama.

Yana da amfani sosai ma, amma ba ta inda yawancin mutane ke zato ba. Tura roba cikin rami ba wani abu ba ne, duk wanda ka nuna wa sau biyu zai yi. Abin da nake so ɗalibi ya fita da shi daga ɗakin gwaji shi ne ya san lokacin da zai tsaya ya cire hannunsa, kuma wannan ba abin da za a koya a jikin baban wani ba ne.

Bari na ba ka labarin da ya sa nake zafi a kan maganar nan. Shekarun baya, cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ke shiga ƙashi, wajen ƙarfe biyun dare aka kawo mana wani dattijo daga wani ƙaramin asibiti. Mura ce ta kama shi ya sayi magani a kemis, dama yana da kumburin furostet, wato ƙullin nan da ke zagaye hanyar fitsarin namiji a ƙasan mafitsara, yana fama da fitsari kaɗan kaɗan, toh ka san wasu magungunan mura suna ƙara matse bakin mafitsara, sai fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya. Can aka saka masa roba. Da na yaye zanin da aka rufa masa, jakar fitsari babu komai sai ɗan jini, mararsa ta taso tayi tauri, ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu yana ta salati, ɗansa na tsaye yana haska min da fitilar waya. Abu na farko da na gani shi ne fiye da rabin robar tana waje. Na sa sirinji na zuƙe ruwan balan ɗin da ke kusa da tsinin robar, wanda ake hurawa don ya riƙe ta a cikin mafitsara, wallahi a take ya saki ƙarfen gadon ya yi ajiyar zuciya, sai jini ya biyo. An hura balan a cikin hanyar fitsari, ba a cikin mafitsara ba. Daren nan ta mara muka huda muka saka masa wata robar, bayan wasu watanni kuma ya dawo hanyar ta tsuke sai da aka yi masa tiyata. Yaron da ya saka robar shi ya rako su, yana tsaye a bakin ƙofa jikinsa na rawa, ba mugu ba ne, shi kaɗai aka bari a asibitin. Na tambaye shi me ya faru, ya ce min, yallaɓai ta shiga sosai sai na ji ta tsaya, na ɗauka ta kai. Wannan "na ɗauka ta kai" ɗin ita ce za ka yaƙa a ajinka.

Don haka kafin kowa ya taɓa mutum-mutumin, ka fara da awo. Hanyar fitsarin namiji babba tana kai santimita 18 zuwa 20, kuma ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da lanƙwasa biyu, sannan ta ratsa tsokar da ke riƙe fitsari ta ratsa cikin furostet kafin ta faɗa mafitsara. Robar kuma wajen santimita 40 ce. Ka miƙa musu ruler su auna da hannunsu. Lambar da ke jikin roba, 14 ko 16 ko 18, awon Faransa ne da wani maƙerin kayan tiyata na Faris mai suna Charrière ya kawo, kowace lamba ɗaya kashi ɗaya bisa uku ce na milimita, kenan mai lamba 16 kaurinta ya ɗan haura milimita 5. Ga babban mutum 14 ko 16 ta isa, manya-manyan na masu fitar da gudajin jini ne. Ita kuma mai balan ɗin da muke kira Foley, sunan likitan Amurka ne, Frederic Foley, wanda ya fito da ita a shekarun 1930. Sai ka ɗauki sirinji ka hura balan ɗin da ruwa mil 10, wato mililita 10, a gabansu, ya kumbura ya kai girman goro, ka miƙa wa kowa ya latsa ya ji taurinsa, ka ce musu su yi tunanin goron nan a cikin hanyar da faɗinta bai kai santimita ɗaya ba. Ni ban taɓa ganin ɗalibin da ya latsa balan ɗin nan ya manta ba. Minti biyar ne kawai amma ya fi laccar awa guda.

Yadda nake tafiyar da gwajin kansa, ina bin matakai huɗun da wani likitan tiyata mai suna Peyton ya tsara a 1998, suna da sauƙi. Ka yi aikin gaba ɗaya a gabansu da saurin da kake yi a wad, wato ɗakin kwanciyar marasa lafiya, ba tare da bayani ba. Ka sake yi a hankali kana faɗin kowane abu. Na uku ɗalibi ne zai riƙa faɗa maka abin da za ka yi, kai kuma ba ka motsa hannu sai ya faɗa. Na huɗu ya yi da kansa yana faɗa. Mutane suna tsallake na ukun don suna ganin cin lokaci ne, alhali nan ne kake kama wanda ya haddace da wanda ya gane, zaka ji ɗalibi ya ce "sai a hura balan" alhali bai ce a duba fitsari ba, sai ka tsaya cak da sirinji a hannu ka kalli sauran, su da kansu za su gyara masa.

Abubuwan da hannu zai saba da su ba ɓoyayyu ba ne, ka san su. Wanke hannu, buɗe kaya ba tare da an taɓa cikinsu ba, safar hannu mai tsabta, wanke kan gaba, hannun hagu da ya riƙe gaban ya zama mai datti har a gama, ba ya komawa kan tire ba ya taɓa roba. Ina barbaɗa garin alli mai launi a jikin mutum-mutumin kafin su shigo, in aka gama sai mu duba inda launin ya kai, zaka gan shi a kan roba, a kan sirinji, har a goshin wani, babu buƙatar ka yi faɗa. Sai jel mai maganin kashe zafi na lidoken kashi 2 cikin ɗari, wajen mil 10, a matsa shi cikin hanyar ba a shafa a bakin roba kawai ba, a jira minti uku zuwa biyar. Jiran nan kusan kowa yana cin amanarsa a wad, don haka a ɗakin gwaji ina sa su jira da agogo na gaske, su ji tsawonsa, su koyi yin magana da mara lafiya a cikinsa. A ɗaga gaban sama a ɗan ja shi ya miƙe don lanƙwasar farko ta warware, a tura a hankali. In an zo wajen tsokar nan aka ji ɗan turjiya, ba ƙarfi ake ƙarawa ba, a riƙe a wurin, a ce wa mutum ya ja dogon numfashi ko ya yi kamar zai yi fitsari, yawanci za ta wuce da kanta.

Sai dokar da ba na sassauci a kanta ko kaɗan: roba ta shige har inda ta rabu biyu, a ga fitsari na zuba, sannan a hura balan. Dukansu biyun, ba ɗaya ba. Ganin fitsari kaɗai bai isa ba, domin ramin da fitsari ke shiga yana can kan tsinin roba, balan kuma yana bayansa, kenan tsinin zai iya leƙawa cikin mafitsara fitsari ya fara fita alhali balan yana cikin furostet. Ka nuna musu wannan a jikin robar su gani da ido. In ana hurawa mutum ya yi ƙara ko sirinji ya yi tauri, a tsaya a zuƙe. Kuma ruwan haɗa allura ake sawa, ba ruwan gishiri ba don yana iya daskarewa ya toshe hanyar balan ranar cirewa a sha wahala, ba iska ba kuma. In an gama a ja a hankali har balan ya zauna a bakin mafitsara, a ɗaure robar a cinya, jaka ta kasance ƙasa da mara amma ba a kan siminti ba.

Toh yanzu ga inda nake ba wancan babban naku gaskiya kaɗan. Mutum-mutumi yana yaudarar ɗalibi. Ba ya jin zafi, ba ya jin kunya, ba shi da furostet mai kumbura, hanyarsa kullum a buɗe take, duk yadda ka tura za ta shiga, wasu ma suna da ɗan bawul mai tauri a ciki wanda sai ka danna da ƙarfi yake buɗewa, sai ɗalibi ya koyi cewa in ka ji turjiya ka danna, wanda shi ne ainihin abin da ke huda wata hanya ta ƙarya a jikin mutum. In ka bar su da shi haka nan sun yi layi kowa ya tura ya ga ruwa ya fito an tafa masa, gara ma ba a yi ba, ka yaye mutane masu ƙarfin gwiwa marasa tsoro. Aikinka shi ne ka ba mutum-mutumin nan abin da ba shi da shi.

Ga yadda nake yi. Ina zaunar da mutum a kan gado daga sama, ɗalibi ko wani ma'aikaci, a ajiye mutum-mutumin a wajen ƙafafunsa a rufa zani ya haɗe su, shi ne bakin mara lafiya. Shi zai ce likita me za ka yi min, shi zai ce wayyo, shi zai ce ni ban yarda mace ta taɓa ni ba. Sannan ina ɓata gwajin da gangan ba tare da na sanar ba. Wani zagayen in zubar da ruwan da ke cikin tankin da ke zaman mafitsarar mutum-mutumin, ɗalibi ya tura har ƙarshe ba abin da ya fito, in ga me zai yi, zai ɗan danna mara ne, zai zuƙa da sirinji ko ya ɗura ɗan ruwa don jel na iya toshe ramin, ko kuwa zai miƙa hannu ga sirinjin balan. Wani zagayen in matse bututun ta baya in naku ana iya kaiwa gare shi, roba ta tsaya a rabi. Wani kuma in ɗiga ɗan zoɓo a auduga in ajiye a bakin gaban, in ce wannan saurayi ne aka kwaso daga hatsarin mota a Hawan Kibo, ƙugunsa na ciwo, bai yi fitsari ba tun safe. Amsar da nake nema a nan ita ce kar ya buɗe robar ma sam. Jini a bakin gaba bayan karayar ƙugu alama ce ta yiwuwar hanyar ta yage, a kira manya su duba tukuna. Ɗalibin da ya ajiye kaya ya ce zan kira babba, ina ba shi cikakken maki a gaban kowa, da murya mai ƙarfi, don su ga cewa tsayawa ba faɗuwa ba ce. Yaranmu sun taso a tsarin da in ka ce ban iya ba ana yi maka dariya a zagayen safe, shi ya sa suke turawa da ƙarfi cikin dare maimakon su ɗaga waya.

Har kiran wayar ina sa su gwada. Ya ɗauki waya ya faɗa min shekarun mutum, me ya kawo shi, lamba nawa ya gwada, sau nawa, a ina ta tsaya, akwai jini ko babu. Ƙa'idata sau biyu ne, in ta ƙi a na biyu ka tsaya. Kuma su san tambayoyin da ake yi kafin a fara: an taɓa saka maka roba, an taɓa yi maka aiki a wurin, ka taɓa ciwon sanyi, fitsarinka dama siriri yake fita. A ƙasar nan tsukewar hanya daga tsohon ciwon sanyi ko tsohon rauni ba baƙon abu ba ne, kuma mai tsukewa daban yake da mai furostet, shi mai furostet sau da yawa roba mai ɗan kauri ko mai lanƙwasasshen baki ce ke wucewa, ƙaramar sai ta naɗe, amma wannan hukuncin na wanda ya ƙware ne. Sandar ƙarfen nan da ake zurawa cikin roba kuwa kar ma ka nuna musu inda take.

Maganar kunya kar ka raina ta. Dattijo mai jikoki ya kwanta yaro sa'an jikansa ya buɗe masa al'aura, wani ma 'yar budurwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, kuma mutum in ya takura jikinsa yana ɗaurewa, tsokar nan ta ƙara matsewa, aikin ya ƙara wuya. Ina sa kowane ɗalibi ya yi bayanin da Hausa, ba da Turanci ba, da bakinsa: Baba sannu, fitsarin ne ya taru ya ƙi fita, za mu saka siririyar roba ta gaba ta fitar da shi, za a sa magani ya rage zafi, za ka ji kamar kana son yin fitsari, in ka ji zafi sosai ka faɗa min in tsaya, ka yarda? Zaka sha mamakin yadda ɗalibi mai ƙoƙari a takarda yake kasa haɗa jimlolin nan, musamman a Jos da ajinka ya haɗa yara daga ko'ina wasu Hausarsu ta kasuwa ce, toh gara su yi tuntuɓen a gabanka. A ja labule, a fitar da 'yan rakiya sai wanda shi ya zaɓa, a samu ma'aikaci ɗaya ya tsaya, a buɗe iya wurin aiki kawai. Ɗalibai mata kuma kar ka bari su koma bayan layi suna kallo, ranar da za ta kwana ita kaɗai a asibitin ƙauye babu wanda zai karɓe ta.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa a nan, saboda kusan duk mazanmu masu kaciya ne, shi ne loɓa. In aka samu wanda ba a yi wa kaciya ba aka ja fatar baya don wankewa, dole a mayar da ita in an gama, in ba haka ba ta shaƙe kan gaban ya kumbura. Da yake ba sa gani kullum, ranar da suka gani ne suke mantawa. In mutum-mutuminku yana da ita ka yi amfani da ita.

Kar gwaji ya ƙare da fitowar ruwa. Su rubuta a fayil: rana, dalili, lamba, ruwa nawa aka sa a balan, fitsari nawa ya fito da kalarsa. Wanda fitsari ya daɗe da taruwa masa a sa ido, wani yana zubar da fiye da mil 200 a awa har ruwan jikinsa ya ƙare. Kuma su saba tambayar kansu kowace safiya ko har yanzu ana buƙatar robar nan, don kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin shigar ƙwayoyin cuta na ƙaruwa da wajen kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, kuma ba a saka wa mutum roba don kawai a huta da canza zanin gado. Cirewa ma a gwada ta, a zuƙe ruwan balan duka kafin a ja.

Game da guda ɗaya tal da kake da shi, ya isa in ka raba su shida shida, ɗaya na yi, ɗaya na bakin mara lafiya, ɗaya na miƙa kaya, sauran na riƙe da takardar maki suna dubawa. Ka je sito ka roƙi robobi da safar hannu da wa'adinsu ya wuce, ka rubuta musu alama babba don kar su koma wad. Ka yi amfani da man da kamfanin da ya ƙera mutum-mutumin ya ce, ka zubar da ruwan ka shanya shi bayan kowane aji, in ba haka ba cikin wata biyu zai yi funfuna ya tsage. A takardar makin kuma ka ware abubuwa uku da in aka faɗi ɗaya an faɗi duka ko da sauran sun yi kyau: hura balan kafin a tabbatar, turawa da ƙarfi, da rashin neman izini. Wanda ya faɗi ya dawo gobe ya sake, ba hukunci ba ne, har sai ya wuce. Wanda ya wuce kuma ba a sake shi ba tukuna, na farkonsa da na biyu da na uku a jikin mutum kana tsaye a kafaɗarsa da safar hannu a hannunka, ka zaɓar masa mai sauƙi, wanda aka riga aka sa wa barci a ɗakin tiyata ya fi, ba dattijon da ke murƙususu da tsakar dare ba. Bayan wata uku ka sake kiransu su maimaita, hannu yana mantuwa.

Shi kuma babban naku kar ka yi jayayya da shi, ka gayyace shi ya zo ya zama bakin mara lafiya rana ɗaya, ko ya ba yaran labarin mafi munin robar da aka taɓa kiransa ya gyara, na tabbata yana da shi. In ka tsara ranar farko ka sanar da ni, in ba na ɗakin tiyata zan shigo in tsaya maka a rukuni ɗaya, zan taho da tsofaffin robobin da na tara.